Ba Kai Ka Ƙona Kulocin Ba

Tudun Wada, Gombe
Laraba, bayan la'asar

Zuwa ga ɗana Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, Ya kai ka Kaltungo lafiya jibi, Ya tsare ka a hanya da inda za ka sauka, Ya sa ka fara aikin malamin gona a sa'a, amin.

Na san za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. Na gwada in kira ka in faɗi abin da baki har sau biyu, duk sai na ɓige da tambayarka ko ka ɗaure kayanka. Shi ya sa na rubuta, na ba Innarka ta miƙa maka. Ka karanta kafin ka tafi.

Ranar Asabar na ce maka ka tafi da babur ɗina, tunda aikinka na yawon ƙauyuka ne. Ka sunkuyar da kai ka ce, "A'a Baba, a bar shi, keke ma ya ishe ni. Kada in sake ƙona maka." Ba da gatse ka faɗa ba. Da da gatse ne da ya fi mini sauƙi, sai in yi faɗa in huce. Ka faɗa ne kamar mai faɗin abin da kowa ya riga ya sani. Nan na gane maganar da na yi maka a ƙofar gida shekara huɗu da suka wuce tana nan zaune a ranka, kuma da ita za ka bar gidan nan. To, ba na so ka tafi da ita. Ba kai ka ƙona kulocin nan ba, Habu. Ni ne na lalata shi, tun kafin ka taɓa ɗora ƙafarka a kansa. Ranar Lahadin nan na tabbatar, zan kuma gaya maka yadda aka yi daki-daki, don can inda za ka babu bakanike a kusa, kuma ba na so ka bi sawuna.

Ka san ni. A aji uku na sakandare na tsaya da mahaifina ya rasu. Na yi awon auduga, na yi dakon buhu, yau ina da injin niƙa uku da gidan bulo, babu wanda ya ɗora ni a kai sai Allah. Ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Amma mutumin da ya saba yi wa kansa komai yakan ɗauka babu abin da ya fi ƙarfin hannunsa, kuma nan ne na shiga rami.

Lokacin da na sayi babur ɗin nan, babura sun fara cika gari. Da can sai a GRA ake jin ƙarar inji a ƙofar gidan mutum, sai ga shi malaman makaranta da akawu da teloli kowa yana da nasa. Ranar da aka kawo shi na zauna a zaure ina kallonsa kamar baƙo daga wata duniya. Har yau in na tsaya na yi tunani abin yana ba ni mamaki: ƙarfe ne da aka haƙo daga ƙasa, da mai da aka haƙo daga ƙasa, an haɗa su sun ɗauki ƙato kamata sun kai shi Kumo kafin shayinsa ya huce. Kakanka da ƙafa ya riƙa zuwa, yini guda.

Kuskurena na farko ƙarami ne. Hannun kulocin yana da ɗan wasa kafin ya kama, ni kuwa ba na son abu sako-sako. Na ɗauka sakacin masu haɗawa ne. Sai na ja wayar kulocin na ɗaure ta tam, har hannun ya zama ba ya motsi ko kaɗan sai da ƙarfi. Na ji daɗi, na ce yanzu ya zama na maza.

Bari in gaya maka abin da ke ciki, don da na sani a lokacin da ban yi ba. Kuloci wasu fayafayai ne masu faɗin bakin kofi, an jera su ɗaya bayan ɗaya cikin wani ɗan kwandon ƙarfe: na ƙarfe zalla, sai mai ɓawo a jiki, sai na ƙarfe, sai mai ɓawo. Sifirin ne ke matse su wuri guda, suna wanka cikin baƙin mai. In suna matse, ƙarfin inji ya wuce zuwa taya. In ka ja hannun, sai su saki juna. Ka san nawa suke buɗewa? Bai kai kaurin farcenka ba. Duk gudun nan da tsayawar nan, da ran mutum da na wanda ya goya, a kan ɗan wannan tsakanin suke. Ni da na ɗaure wayar tam, ashe na bar su ne kullum a ɗan buɗe, suna gugar juna ba dare ba rana.

Saboda haka ka bar wa hannun kuloci wasansa, kamar kaurin kwabo biyu kafin ka ji ya yi nauyi. In kana shakkar kulocinka, nemi hawa, irin wanda ke hanyar Bauchi in za ka fita gari, ka sa babbar giya ka murɗa totur. In inji ya ɗaga murya amma gudun bai ƙaru ba, to yana zamewa. Wani lokaci har za ka ji wari kamar na tsumman da ya kama wuta. In ka ga haka, wayar za ka fara dubawa kafin ka taɓa ko noti ɗaya. Ni da na sassauta ta ranar da nawa ya fara zamewa, da minti biyu sun gama maganar. Amma ban duba ba, don ni na ɗaure ta, kuma ban saba zargin aikin hannuna ba.

Maimakon haka sai na ce zan buɗe injin. A ina? A ƙofar gida, ranar Lahadi da hantsi, gindin dogonyaro, lokacin da majalisa ta cika. Ka san al'adar layinmu: wanda duk zai yi gyara sai ya fito da shi waje, a shimfiɗa buhu, a ɗauko farantin mata a zuba notuna, masu kallo su jeru a benci kowa yana ba da shawara. Rabin gyaran don idon mutane ake yinsa. Malam Modu, Babarbaren nan mai shagon yadi da ba ya ganina ya ƙyale, yana kan gaba.

Na cire murfi, na cire sifirin, na zare fayafayan, komai lafiya. Sai na zo kan babban notin tsakiya, wanda ya ɗaure kwandon a kan sandar ƙarfen da duk kulocin ke zaune a kanta, wadda makanikai ke ce wa shaf. Babu ma abin da ya kai ni wurinsa, fayafayai kawai zan canja. So nake in nuna na iya kwance shi duka. Na sa sifana na ja, sai kwandon ya bi ni yana juyawa. Na cusa tsumma, ya bi ni. Gumi ya fara keto mini.

Malam Modu ya ce, "Alhaji, ko a kira mai shi? Bafulatani da sifana ai sai kallo. Wannan ba nonon saniya ba ne da za ka lallaɓa ya zubo."

Aka yi dariya. Na ce, "Kai dai tsaya ka ga aiki, bawana."

Ya ce, "Ina tsaye. Har azahar ma ina tsaye."

Na shiga gida na ɗauko taɓaryar Innarka. Ta biyo ni har bakin zaure tana cewa, "Alhaji, daka zan yi fa." Na ce yanzu zan dawo da ita. Na kafa sifana a kan notin na ɗaga taɓarya na maka. Na farko bai motsa ba. Na biyu bai motsa ba. Na uku sai ta goce daga kan sifanar ta sauka a gefen kwandon da dukan ƙarfina, har babur ɗin ya yi tsalle daga kan ƙafarsa. A na huɗu notin ya saki. Majalisa ta ɗauki sowa, Malam Modu ya cire hularsa ya ce ya sallama. Na mayar da komai da sababbin fayafayai, na tayar, ya tashi. Ranar na yi barcin rana ina jin kaina kamar wanda ya ƙera jirgi.

Wannan bugu na uku shi ne ya karkatar da bakin shaf ɗin. Ido ba ya gani. Ni ma ban gani ba sai bayan shekaru.

Kada ka taɓa dukan abin da aka yi shi don ya juya. In noti irin wannan ya ƙi, ka sa babur a giya, wani ya taka maka birkin baya, ka zura bututu a ƙotar sifana don ta yi tsawo, ka ja a hankali ba tare da fizga ba. In ya ƙi, ka rufe ka bar shi sai ka samu wanda ya sani. Kuma ka yi gyaranka a cikin gida. Da ni kaɗai ne a ranar, da na ajiye sifana na sha ruwa na yi tunani. Dariyar mutum shida ce ta ɗaga taɓaryar nan.

Bayan wata biyar ka fara koyon tuƙi, kana shekara goma sha bakwai. Ka iya da wuri, har na fara aikenka. Ranar da abin ya faru na aike ka kasuwa ka karɓo bel ɗin injin niƙa. Ka daɗe, sai ga ka kana turo babur da hannu, rigarka ta jiƙe sharkaf, warin ƙuna yana tashi. Majalisa tana zaune. Ban bari ka jingine shi ba na fara. Na ce kana kwantar da hannu a kan kuloci kamar mai riƙe da sandar makaho. Na ce abin da na haɗa da hannuna ka ƙone shi a wata ɗaya. Na ce akwai hannun da bai dace da ƙarfe ba, naka yana ciki, ka je ka riƙe biro. Na karɓe makulli a gaban kowa.

Ka ce, "Baba, tun ran da na fara hawa nake jin hannun yana bugun yatsuna, kamar abu yana numfashi a ciki."

Na ce, "Rufe mini baki. Yaushe aka haife ka da za ka gaya mini numfashin inji?"

Ka shige gida. Ba ka sake taɓa shi ba, ko wankewa in an sa ka sai ka ba ƙanenka.

Habu, abin da ka faɗa ranar shi ne ainihin ciwon. Shaf in ya karkace, kwandon yakan riƙa rawa yana juyawa, rawar ta biyo waya ta zo hannun mutum tana bugawa a hankali. Kai da ka yi wata ɗaya a kan babur ka ji shi. Ni na yi wata biyar ina jinsa, hannuna ya saba har ya daina gaya mini. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai ya faɗi abin da sai da aka tara kayan aiki aka gano, ni kuwa na ce ya rufe baki. Inda za ka, za ka tarar da manoman da ba su taɓa shiga aji ba. In ɗayansu ya ce maka ƙasar nan tana yin kaza in an yi ruwan fari, kada takardarka ta hana ka tambayarsa yaya take yi. Sabon hannu da tsohon ido duk suna jin abin da mai iko ya daina ji.

A shekara huɗun nan sau huɗu na canja fayafayai, kuma ba mai hawa sai ni. Na ce mai sayar da kayan ne yake ba ni jabu, na canja shago. Na ce baƙin man yanzu ruwa ne. Na ce hanyoyin gari ne. Giya ta riƙa wuyar shiga, in na tsaya na ja kuloci babur ya riƙa jan jiki gaba kamar akuyar da aka ɗaure, mai ya riƙa tsattsafowa ta gefen murfi. Duk na samo wa kowanne dalilinsa. Wata rana Innarka tana ajiye mini tuwo ta ce, "Alhaji, wai har yanzu Habu ne ke ƙona shi? Na ga ko makullin bai san inda yake ba." Na ce mata me mace ta sani a ƙarfe. Ta ce, "Ba komai," ta ɗauki tirenta. Duk da haka ban canja magana ba.

Ranar Lahadin nan, da ka tafi Deba sallama da kawunnanka, na shigo da babur tsakar gida na buɗe shi. Niyyata in sa sababbin fayafayai in tilasta maka ka tafi da shi. Ina cikin haka sai ga Malam Bitrus ya yi sallama. Ka san shi, dattijon nan na unguwar Herwagana da ke gyara mini injinan niƙa, wanda ya yi shekaru a wurin gyaran jiragen ƙasa kafin ya yi ritaya. Daga coci yake, da farar rigarsa, ya biyo ya gaya mini maganar wani boris na injin niƙa, zoben nan mai ƙwallaye da ƙarfe ke juyawa a ciki. Ya tsaya a kaina ya ɗan duba, ya ce, "Alhaji, wannan karo na nawa ke nan?"

Na ce, "Kayan yanzu ne, Malam Bitrus, ba su da kirki."

Ya ce, "To. Tsofaffin da ka cire, ka zubar?"

Ka san ba na zubar da ƙarfe. Suna rataye a ƙusa cikin zaure, kowane zubi na ɗaure shi da igiya daban. Na kwaso waɗanda na cire tun bayan ranar taɓarya, na haɗa da wanda na zare ranar. Ya naɗe hannun rigarsa, ya ce a ba shi tabarma da madubi. Innarka ta ciro babban madubinta na ɗaki ta goge ta kawo, ta koma bakin madafa ta zauna inda za ta ga komai.

Ya kwantar da madubin a ƙasa, ya ɗauki faifan ƙarfe ɗaya ya ɗora a kai, ya danna gefe da yatsa. Sai ɗaya gefen ya ɗaga ya yi ƙas. Ya ce, "Ka ji? Gilashi ba ya lanƙwasa. Abin da ya kwanta a kansa ya yi motsi, shi ne ba daidai ba." Ya yaga takardar sigari ya tura ƙarƙashin faifan, ta shige ta gefe ɗaya, ta ƙi shiga ta ɗayan. Ya jera sifirin a kan madubin kamar sojoji ya duba ko akwai wanda ya gajarce, ya ce su lafiyarsu ƙalau. Ya shafa haƙoran kwandon ya nuna mini inda fayafayai suka ci suka yi tsaga, gefe ɗaya ya fi zurfi.

Daga nan ya kwance igiyoyin ya shimfiɗa zubi biyar a jere a kan tabarma. Ya ce in duba. Habu, kowane faifan ƙarfe yana da tabon ƙuna shuɗi, kamar jinjirin wata, a gefe guda kawai. Ɗaya gefen fari tas. Duka biyar ɗin iri ɗaya, kamar hannu ɗaya ya zana su.

Ya ce, "Mai kwantar da hannu a kan kuloci yana ƙona faifai ko'ina, zagaye. Wannan gefe ɗaya ne ke cin wuta. Ba hannun mutum ba ne, wani abu ne a ciki ba ya tafiya daidai." Ya ɗaga zubin farko ya ce, "Wannan na yaushe ne?"

Na ce, "Wanda yaro ya ƙona ne."

Ya ajiye shi kusa da na bana, ya dube ni. Sai na ji Innarka tana gyara itacen murhun da babu wuta a ciki.

Sai ya ce in taka birki, ya sa bututu ya kwance babban notin cikin ruwan sanyi, ya zare kwandon, shaf ya fito fili. Na dube shi, sumul, miƙaƙƙe kamar alƙalami. Na ce, "Ka gani, lafiyarsa lau." Ya ce ƙanwarka ta kawo masa allin makaranta. Ya fiƙe bakin allin, ya ɗaure shi a jikin wani ɗan itace, ya ɗora itacen a kan bulo ya danne da dutse, ya matso da shi a hankali har bakin allin ya kusa taɓa bakin shaf, saura kamar silin gashi. Ya ɗaga babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya sa giya, ya ce, "Alhaji, juya tayar baya da hannu. Sannu-sannu."

Na juya. Shaf ya fara zagayawa. Sai na ji ɗan sauti, ƙis. Shiru. Ƙis. Shiru. Ya ce in tsaya. Muka leƙa. Alli ya yi ɗan farin layi a gefe guda na shaf ɗin, sauran zagayen babu komai.

Ya ce, "Da miƙaƙƙe ne, ko alli ya zagaye shi duka, ko kada ya taɓa shi sam. Wannan yana zuwa ya gaishe da alli ya koma." Ya ce karkatar ba ta fi kaurin takarda biyu ba. Amma abin da ke juyawa sau dubbai kafin ka kai kasuwa, kaurin takarda biyu ya ishe shi cinye faifai, ya cinye boris, ya buɗe wa mai hanya.

Na daɗe a tsugune ina kallon ɗan layin nan. Wasu mutane a wata ƙasa da ban taɓa gani ba sun zauna sun daidaita ƙarfen nan har ya zama kaurin takarda ma laifi ne a wurinsa. Ya ƙetare teku, ya hau jirgin ƙasa, ya iso Tudun Wada daidai yadda aka yi shi, ni kuma na tare shi da taɓarya. Kuma duk shekarun nan yana rubuta abin da ya same shi a jikin fayafayai, zubi bayan zubi, ni ina ratayewa a ƙusa ban iya karantawa ba. Ga wani dattijo da allin yara da madubin mace ya karanta shi cikin rabin sa'a. Allah mai ilmi, Ya raba shi inda Ya so. Ban taɓa jin ƙanƙantata kamar ranar ba, kuma abin mamaki ban ji haushi ba.

Malam Bitrus yana goge hannu ya ce, "An taɓa dukansa?"

Kafin in buɗe baki Innarka ta ce daga inda take, "Taɓaryata har yau da tabon."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Alhaji, ba kai ne na farko ba. A wurin aikinmu wani ya taɓa yi wa kan jirgi haka, shi da guduma ma." Na san don ya sauƙaƙa mini ya faɗa.

Na tambaye shi ko za a iya miƙe shi. Ya ce a gida dai a'a, ko an miƙe ba zai zauna ba, sai sabo, kuma sai an raba injin biyu. Ranar Litinin muka samo shaf da boris a kasuwa, na kai masa injin gida. Na zauna a kan benci ina miƙa masa abin da ya ce, ban ba da shawara ko ɗaya ba. Jiya da hantsi muka mayar, ya sake kafa allinsa, na juya taya. Layin ya zagaye shaf ɗin tsaf kamar zobe.

Ka riƙe wannan: in abu ɗaya ya lalace maka sau biyu a wuri ɗaya, kada ka sayi na uku sai ka nemi abin da ke cinsa. Ka ajiye tsohon da ka cire, ka dube shi da kyau, ko'ina ya ci ko gefe guda. Alli da madubi ba su da nauyi, ka sa su cikin kayanka. In kuma ka kai inda saninka ya ƙare, ka faɗa tun da wuri. Ni shekara huɗu na ɗauka kafin in ce ban sani ba, kuma kai ka biya.

Tunda a gaban mutane na yi maka, jiya bayan la'asar na ɗauki zubin farko da na ƙarshe na fita majalisa. Na ajiye su a kan benci na ce su duba. Na gaya musu duk yadda aka yi, na ce yaron nan bai yi komai ba, ni ne da taɓarya. Malam Modu ya ce, "Ashe dai saniyar ce ta fi dacewa da kai." Aka yi 'yar dariya, ni ma na yi. Can sai ya juya faifan a hannunsa ya ce, "Amma fa mu muka zuga ka. Kuma ranar da ka yi wa yaron faɗa ina zaune a nan, na ga fuskarsa, ban ce uffan ba." Ya ce in gaya maka kada ka tafi ba ka biya ta shagonsa ba, yana da magana da kai. Ka je. In ya ba ka yadi ka karɓa, kada ka yi masa gardama.

Saura ni. Ban iya irin wannan magana ba, mahaifina bai taɓa yi mini ba, ban kuma taɓa jin wani uba a layinmu ya yi ba. Na zalunce ka, Habu. Na ɗora maka laifina a gaban mutane, na sa ka ɗauka hannunka na ɓarna ne, alhali ya fi nawa ji. Ka yi shiru shekara huɗu kana gaishe ni kowace safiya ba ka taɓa canja fuska ba. Wannan haƙurin ban san inda ka samo shi ba, ba dai a wurina ba. Ka yafe mini don Allah.

Ba sai ka zo ka ce mini komai ba, na san kai ma bakinka irin nawa ne. Ga abin da nake roƙo. Gobe da hantsi zan je Herwagana in yi wa Malam Bitrus godiya. Makulli yana wurin Innarka. In ka yarda, ka fito da babur ka tayar, ka jira ni a ƙofar gida. Tunda nake ban taɓa hawa bayan kowa ba. Gobe zan hau bayanka, mu bi ta gaban majalisa a hankali, kowa ya gani. In mun dawo ka ɗaure kayanka a kai.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin hanya. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka, Ya sa manoman can su ji daɗinka, Ya dawo mana da kai lafiya. In ruwa ya sauko ka kula da gangaren Kaltungo, kada ka yi sauri. Innarka tana sa maka albarka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Alhaji Umaru mai injin niƙa